Bubayaro a Teku, Muryarsa a Zaure

"Na ce ka sauko min da tirena, Baban Hanifa!"

"Wane tire kuma? Buɗe idonki da kyau, Hajara. Wannan ya tashi daga tire tun da hantsi."

"Ya koma me?"

"Satalayit."

Hajaratu ta riƙe ƙugu a tsakar gida ta ɗaga kai. Ga mijinta Bubayaro, dillalin shanu a karar Potiskum, can a kan kwanon zaure, ya tattare babbar riga a kafaɗa, yana ɗaure tirenta na silba a kan wata doguwar gora. Tiren da ta zo da shi daga gidansu, wanda ko baƙin sallah ba ta taɓa yarda ta kai wa abinci a kai ba.

"Satalayit ɗin ne da zanen fulawa a tsakiya?"

"Na zamani haka suke zuwa."

"To Allah ya sa iska ta kwaso shi ta ɗora maka a ka."

"Ba amin ba. Riƙe min tsanin nan, rawa yake."

Asalin abin daga majalisa ya taso. Bubayaro ya samu hanyar kai raguna Gabon tare da wani abokin cinikinsa Zulkifli, kuma daga Kalaba jirgin ruwa za su shiga. Shi kuwa babban ruwan da ya taɓa ƙetarewa a duniya shi ne kududdufin bayan kara da damina, shi ma da wando a naɗe yana ta salati. Amma tunda maganar tafiyar nan ta tabbata ya zama malamin teku. Ya san zurfinta, ya san kifin da ke haɗiye mota, ya san yadda ake gaisawa da kyaftin.

Ana cikin haka Idrisu mahauci ya sa baki. Idrisu ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan Kwamanda, farin bijimin da Bubayaro ke kiwo a bayan gida. Sa ne mai tozo kamar tulu, wanda ke cin dusa da harawa da kowar wake tun mutanen gidan ba su karya ba, wanda Bubayaro ya sha rantsuwa cewa ko mahautan duniya za su taru, wuƙar Idrisu ba za ta hau wuyansa ba.

"To in ka shiga ruwa, wa zai riƙe maka gida da kasuwa?" in ji Idrisu. "Sallama min Kwamanda kafin ka tafi, kada ya rame da kewa."

"Wa zai riƙe? Ni!" Bubayaro ya daki ƙirji. "Daga tsakiyar teku zan riƙa juya garin nan kamar waina. Duk mai magana da ni ya zo zaurena, zai ji ni raɗau. Ko kaza ce ta yi ƙwai a gidana sai na riga zakara sani."

Sai da aka watse Zulkifli ya ja shi gefe ya ce masa da zarar jirgi ya bar gaɓa, waya ta zama dutsen guga, babu sabis ko na fulashin.

"Ko na hau sama? A ƙauyen Danchuwa in ka hau tsamiya ana samu."

"Bubayaro, babu tsamiya a teku."

Da wani ne, sai ya koma majalisa ya ce bakinsa ne ya yi gudu, ya damƙa wa ƙaninsa Mu'az gida da kasuwa. Bubayaro kasuwa ya wuce, ya sayo sifika mai bulutut, ya kulle kansa a ɗaki da bahon wanki cike da ruwa. Yini guda Hajaratu tana jin facal-facal da muryarsa, wani lokaci yana faɗa, wani lokaci yana dariya shi kaɗai.

Da ya sauko daga kan kwano ya tara ta da Mu'az ya warware musu shirin.

"Na ɗauki muryata a wayar nan, magana bayan magana, a jere. Sifika tana zaure wurin Mu'az. Ke kina bayan labule da waya. Duk wanda ya zo ya faɗi abin da ke tafe da shi, ki danna. In na gama ki tsayar. Shi ke nan, ina teku ina Potiskum."

"Ya aka yi ka san abin da mutum zai ce?"

"Hajara, garin nan a tafin hannuna yake. Na san wanda zai fara zuwa, na san wanda zai biyo bayansa, na san abin da zai faɗa tun bai wanke baki ba."

Mu'az ya sosa ƙeya. "Hamma, da dai ka bar min komai a hannuna, ai ba daɗewa za ka yi ba."

"Kai? Kai da aka sayar wa saniya mai ido ɗaya, ka dawo kana cewa kashe maka ido take yi?"

Mu'az ya kau da kai, don an yi hakan.

Sannan Bubayaro ya sa Hajaratu ta rantse: ba za ta tsallake magana ko ɗaya ba, ba za ta saurari ta gaba kafin lokacinta ba don akwai sirrin kasuwa a ciki, kuma ba za ta gaya wa kowa ba.

"Na rantse," in ji ta. "Amma ka riƙe a ranka, kai ka ce."

Ranar tafiya sai da ya tsayar da keke napep a bakin layi, ya nuna wa jama'a tire yana ƙyalli a sama, ya ce kada yara su jefe shi don yana ja kamar wutar lantarki. Ya koma ya rungumi wuyan Kwamanda ya yi masa raɗa a kunne. Hajaratu kuwa hannu ya ɗaga mata daga nesa.

Abin haushi, da farko abin ya yi aiki.

Mai dusa ne ya fara zuwa, kamar yadda aka tsara. Ya yi sallama, ya durƙusa gaban sifika yana waige-waige. Hajaratu ta danna. Sai ga facal-facal, sai ga murya ta cika zaure:

"Wa alaikumus salam! Mai dusa, ka iso? Ajiye buhu a gefen dama. Kuma in ka sake haɗa min da ƙaiƙayi, daga nan zan gani!"

Mai dusa ya saki buhu ya ja da baya. "La ilaha illallahu! Alhaji, wallahi kaɗan ne na zuba!"

Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Ɗan garuwa ya zo, murya ta ce masa ya wanke jarkokinsa. Mai wanki ya zo, murya ta tambaye shi ina hular da ya ɓatar. Zaure ya cika, masu leƙe ta taga sun fi na ciki yawa. Wani tsoho ya kasa kunne ya ce, "Ikon Allah, teku dai ƙararta kamar ta baho." Can cikin maganar sai aka ji zakara ya yi cara, zakaran Hajaratu da ke tsakar gida ya miƙe wuya yana neman wanda ya sace masa murya.

"Har da kaji a jirgin?"

"Na kyaftin ne," in ji Mu'az, yana share gumi.

Hajaratu tana bayan labule tana cizon leɓe. Ba abin da ya fi ba ta haushi irin a ce mutumin nan ya dawo ya tarar ya yi gaskiya.

Allah bai bar ta da wannan damuwar ba. Matar maƙwabcinsu Babayo tela, wadda kowa ke sa ran sai wata mai zuwa, ta haihu ba shiri. Bubayaro ya san mai dusa, ya san ɗan garuwa, amma bai yi shawara da jariri ba. Da sassafe sai ga Babayo da ledar dabino, baki har kunne, ya tsuguna gaban sifika.

"Alhaji, albishirinka! An samu ƙaruwa, namiji!"

Hajaratu ta tsaya da yatsa a sama. Ta san a lissafin mijinta wani mutumin garin Mamudo ne zai zo da ɗan maraƙi. Amma ta rantse ba tsallake. Ta danna.

"Na gan shi, na gan shi," in ji muryar, cikin isa. "Kai ƙato, ƙafafu kamar tsinke. Kai, gaya min gaskiya, wannan ba irin gidanku ba ne. A ina ka samo shi?"

Dabino ya zube.

"Alhaji, me ka ce?"

Mu'az ya yi tari mai ƙarfi, amma muryar ba ta gama ba. "Mayar da shi inda ka ɗauko. In an samu mai ɗan kyan gani ka kawo min."

Babayo ya miƙe a hankali. Ya cire hula, ya mayar. Ya dubi sifika sama da ƙasa yana neman inda ake shaƙe ta. "Shekara nawa ina yi maka ɗinki, Bubayaro? Ni za ka ci wa mutunci daga cikin ruwa? Fito tudu in ka isa!"

"Malam Babayo, iska ce," in ji Mu'az. "In iska ta kaɗa tiren, wato satalayit ɗin, magana takan karkace."

"Iskar ce ta san girman kan ɗana?"

Daga nan komai ya goce. Amsar kowa ta koma kan wanda ya riga shi zuwa. Mutumin Mamudo ya iso da maraƙinsa aka yi masa ta'aziyyar kakarsa, wadda ya baro tana daka. Mai maganin shanu ya zo aka ce masa ya gaida amarya. Babayo kuwa bai tsaya ko'ina ba sai gidan Bulama Yunus, mai unguwarsu, dattijo mai farin gemu wanda ko tari ya yi sai layi ya yi tsit.

Bulama ya zo da kansa bayan la'asar, da sandarsa da mutanensa. Aka shimfiɗa masa darduma. Ya gyara zama, ya dubi sifika irin kallon da yake wa masu rigimar iyakar gona.

"Bubayaro, ni ne Bulama. An kawo min ƙararka."

Bayan labule Hajaratu ta rufe ido, ta ce bismillah, ta danna.

"Kai, ɗan ƙazami!" Muryar ta fashe da tsawa, irin wadda Bubayaro ke yi wa ɗansu Ikrama. "Yau ma ba ka yi wanka ba ko? Tun daga teku nake jin tsaminka! Tashi maza ka ɗauki soso, kuma a cuɗa bayan kunne!"

Babu wanda ya yi motsi. Wani daga cikin mutanen Bulama ya cusa hula a baki, kafaɗunsa na rawa. Bulama ya kai hannu bayan kunnensa, ya tuna ana kallonsa, ya sauke.

"Mu'azu."

"Ranka ya daɗe."

"Yayanka yana shan wani abu ne?"

"Ruwan gishiri ne, ranka ya daɗe. An ce yana hawa kai."

Bulama ya tashi ya fice. Hajaratu ta kifa fuska a cikin zani, ta yi dariya har sai da cikinta ya ƙulle, sannan tsoro ya kama ta, sannan ta sake yin wata.

Unguwa ta yanke hukunci cewa aljanun ruwa sun shafe shi. Tsofaffin mata suka riƙa aiko da turaren hayaƙi a kanga wa sifika. Wani ya kawo shawarar a hau a yi wa tiren tofi. Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, shi ne Idrisu mahauci. Kullum yana tsaye a bakin zaure yana sakace, yana saurare, yana kallon labulen da ke motsi duk lokacin da murya za ta fito.

Rannan sai ga shi da sabuwar igiya a kafaɗa da shaidu biyu daga kara. Duk wanda ya san ciniki ya san ma'anar mai saye ya zo da igiyarsa. Kuma a kara, in mai dabba ya buɗe baki ya ce ya sallama a gaban shaidu, magana ta ƙare, ko uban wa ya zo.

"Alhaji Bubayaro, barka da ruwa," in ji Idrisu. "Na zo taya Kwamanda." Ya faɗi wani kuɗi da ko ɗan maraƙi mai gudawa ba zai saya ba.

Hajaratu ta gyara riƙon waya. Ta danna.

Muryar ta fito a sanyaye, har da 'yar shaƙewa. "Ke ce dai. Tunda na shiga jirgin nan ba na iya cin abinci sai na tuna murmushinki. In na dawo zan sayo miki turare mai kwalba biyu."

Zaure ya kece. Idrisu, ƙato mai wuya kamar turmi, ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. "Na gode, Alhaji. Ni ma ina kewarka."

Hajaratu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shekara da shekaru tana jiran mutumin nan ya faɗi irin wannan magana, ashe sai mahauci zai gaya wa.

Washegari Idrisu ya dawo da igiyarsa, ya sake tayawa. Aka ce masa ya rage cin yaji saboda basir. Ya ce to, zai kiyaye. Ya sake dawowa, aka ce masa ya duba ko tayar babur ta sace. Ya ce ya duba, lafiyarta ƙalau. Kowace safiya jama'a na ƙaruwa, har mai shayi ya matso da teburinsa kusa.

A safiyar da abin ya faru, Hajaratu ta kira Mu'az bayan labule.

"Yau ba zan danna ba. Mutumin nan ya gano mu. Jira yake."

"Adda, ki leƙa ki ji abin da ke gaba mana."

"Na rantse ba zan leƙa ba. Ka fita ka ce babu sabis."

Mu'az ya fita ya ce babu sabis.

"Babu me?" Idrisu ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwa. "Kun ji fa! Satalayit ɗin da aka ce ko a ƙarƙashin teku yana kamawa! Ashe dai tire ne. Ashe duk gidan maƙaryata ne, daga na ruwa har na tudu."

"Tire ne! Tire ne!" yara suka ɗauka.

Mu'az ya dawo bayan labule idonsa ja. "Adda, don girman Allah. Ana zagin gidanmu. Hamma dillali ne, rabin maganarsa a duniya albarka ce. Ki danna, in sha Allahu albarka zai ce."

Ta dube shi, ta dubi waya. A waje Idrisu ya sake faɗin tayinsa da ƙarfi, yadda na bayan layi ma za su shaida. Ta danna.

Facal-facal. Sai dariyar Bubayaro.

"Na sallama! Wallahi na sallama, ko nawa ka ce! Kwance shi yanzu-yanzu ka tafi da shi, warinsa ya ishe mu. Allah ya sa alheri!"

Hajaratu ta gane nan take: da tsohon bunsurunsu yake, mai tari da ke ɗaure a bayan ɗaki, wanda wani ya ce zai zo ya gani. Amma sunan bunsuru bai fito ba.

"Shaidu, kun ji?"

"Mun ji."

Idrisu ya sauke igiya daga kafaɗa. Mu'az ya tare ƙofa da hannuwa biyu yana ihu. Aka yi cirko-cirko, aka ja, aka tura, har sai da aka kira Bulama. Bulama ya saurari kowa, ya ce sa ya zauna a turkensa har mai shi ya dawo ya maimaita a gabansa. "Ina ma da wata 'yar magana da shi," in ji shi.

Da jirgi ya isa Gabon wayar Zulkifli ta kama, kiran farko Hajaratu ta samu.

"Hajara! Kin ga aiki ko? Yaya gari? An sha mamaki?"

"An sha. An sayar da Kwamanda."

"An me? Wane ɗan iskan ne ya sayar?"

"Kai."

Ya bar wa Zulkifli raguna ya biyo jirgin da ke dawowa.

Ranar da ya iso, Hajaratu ta leƙa ta labule ta kusa ba ta gane shi ba. Ya zabge, wuya ya yi tsawo, babbar riga na lilo a jikinsa kamar an rataye a ƙusa. Yana tafiya ƙafa a warware, yana dafa bango, wai ƙasa ce ke motsi. Amma bakin yana nan. Tun daga bakin layi ake jin sa yana cewa kyaftin har kuka ya yi da za su rabu.

Aka taru a ƙofar gida, har kan katanga. Bulama a kujera, Idrisu da igiya, Babayo a gaba-gaba ya harɗe hannu. Aka fito da sifika aka ɗora a kan turmi, aka fito da Kwamanda yana tuƙa abinsa.

"Bubayaro," in ji Bulama, "tambaya ɗaya ce. Wanda ya yi ta magana a zauren nan, kai ne ko ba kai ba ne?"

"Ni ne mana, ranka ya daɗe! Daga tsakiyar teku, ruwa dama, ruwa hagu..."

"To ka sallama sa."

"A'a, wato, wannan wurin ba ni ba ne."

"Wane ne?"

"Ni ne, amma ba da shi nake ba. Da bunsuru nake."

"Ni na taya bunsuru?" in ji Idrisu. "Jama'a, na ambaci bunsuru?"

"Kwamanda ka ce!" jama'a suka amsa.

"Da ka ce ɗana ba irin gidanmu ba ne fa?" Babayo ya matso. "Shi ma da bunsurun kake?"

"Da maraƙi nake!"

"Ɗan nawa ne maraƙi?"

Aka riƙe Babayo. Bubayaro ya dubi jama'a, ya dubi tire a sama, ya dubi Kwamanda. Hajaratu tana kallonsa ta labule. In ya ce daga teku yake magana, sa ya tafi. In ya faɗi gaskiya, majalisa ta samu abin dariya har jikokinsa. Kwamanda ya ɗago kai ya yi wani ɗan gurnani, sai Bubayaro ya karye.

"To, na ji! Ɗauka ce. Ɗaukar murya ce na yi a ɗaki kafin in tafi. Babu satalayit. Tiren Hajara ne. Ruwan kuma baho ne."

"Na faɗa!" tsohon nan ya yi ihu daga baya. "Na ce baho ne!"

Idrisu bai ko girgiza ba. "Ni ban yarda ba. Kwanan nan mutum ya ce yana kewata, yau a ce baho ne? A kawo hujja."

"Hujja? Yanzu kuwa! Hajara! Danna musu su ji, ga ni a tsaye!"

"In danna ta gaba?" ta tambaya daga bayan labule.

"Danna mana!"

"Kai ka ce."

Ta danna. Kuma tunda jaririn Babayo ya ɓata lissafi, wannan ne karo na farko da magana ta faɗa daidai gurbinta.

"Jama'ar Potiskum!" in ji muryar, ƙasaita na zuba. "Ni ne Bubayaro, daga tsakiyar teku. Na san mahassada. Duk wanda ya zo ya ce muku wai ɗaukar murya ce, maƙaryaci ne, ɗan baƙin ciki ne. Kada ku saurare shi, ko wane ne shi, ko rantsuwa ya yi!"

Wani ya faɗo daga kan katanga don dariya. Mai shayi ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Babayo ma da ke huci sai da ya juya baya. Bulama kaɗai bai yi ko murmushi ba. Ya jira hayaniya ta lafa, ya shafa gemu.

"To, magana ta fito fili. In kai ne na cikin sifika, ka sallama a gaban shaidu. In kuma ba kai ba ne, mai sa ya ce kada mu saurare ka. Idrisu, sa igiyarka."

"Ranka ya daɗe! Ranka ya daɗe, ni ne fa! Ga ni!"

"An hana mu jin ka."

Idrisu ya zura igiya a ƙahon Kwamanda. Sa ya bi shi salin-alin, yana kaɗa wutsiya, ko waiwaye bai yi ba. Hajaratu kuwa, ko mantuwa ce ko me, ba ta tsayar da waya ba, muryar ta ci gaba da zuba a kan turmi.

"Ni kam ina nan lafiya ƙalau. Yanzu muka gama cin kifi da kyaftin. Wasu na ta amai, ni ko jiri ban taɓa ji ba..."

"Ƙarya yake!" Bubayaro ya yi kan sifika yana nuna ta da yatsa. "Wallahi ƙarya yake! Ko ruwa bai iya sha ba! Kwance yake cikin raguna yana kiran Innarsa, har wani rago ya cinye masa hula!"

"...kyaftin ma cewa yake, Alhaji, zo ka riƙe mana sitiyari..."

"Yi min shiru, munafuki! Ka cuce ni! Ka raba ni da sana!"

Jama'a suka bi bayan Idrisu da sa, ana tafe ana riƙe ciki. Bulama ya tashi ya kaɗe riga. Ƙofar gida ta rage daga Bubayaro sai Mu'az sai turmi, sai Hajaratu da ta fito da tsani ta jingina a bangon zaure.

Mu'az ya matso a hankali. "Hamma, yanzu yaya za mu yi?"

Bubayaro ya share fuska da hannun riga, ya gyara tsayuwa, ya harari sifika.

"Ku ƙyale shi. Ai ba a ruwa zai dawwama ba. Ranar da jirginsa ya iso, ni da shi ne."